Likitan jakadanci da ya tara tsirrai a hanyar Bilma

A zamanin da, idan sarakunan Turai suka tashi manzanni zuwa wata ƙasa mai nisa, sukan haɗa su da likita wanda ya san itatuwa da ciyayi. Aikinsa biyu ne: ya duba lafiyar ƴan tafiya, ya kuma tara tsirran da ya gani a hanya, domin hukumarsa ta san albarkar ƙasar da amfanin da za a samu a cikinta.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane shi ne likita Walter Oudney, mutumin Sikotilan. Gwamnatin Ingila ta aike shi Barno da niyyar ya zauna can a matsayin ƙaramin jakada, tare da Hugh Clapperton da Dixon Denham. Sun tashi daga Tarabulus a 1822, suka ratsa Murzuk, suka biyo hanyar ayari ta Kawar. A watan Janairu na 1823 suka sauka Bilma, garin gishiri, wanda yake cikin Jamhuriyar Nijar a yau. A watan Fabrairu suka hangi tabkin Cadi, sa'an nan suka isa Kukawa wurin Shehu Muhammadu Laminu Alkanemi.

Aikin tara tsirrai yana bukatar haƙuri. Akan tsinki reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne har ya bushe, a rubuta wurin da aka same shi. Haka Oudney ya riƙa yi, ga ƙishirwar hamada ga ciwon ƙirji yana cinsa. A ƙarshen 1823 ya kama hanyar Kano tare da Clapperton, amma bai kai ba. Ya rasu ran 12 ga Janairu 1824 a Murmur, kusa da Katagum. Clapperton ya ci gaba har Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Tsirran da suka tara, kimanin iri 300, sun isa Landan. Wani masani mai suna Robert Brown ya bincika su, bayaninsa ya fito a ƙarshen littafin tafiyar a 1826. Ya raɗa wa wani tsiron hamada suna Oudneya domin tunawa da mamacin. Dangin ɗorawa kuwa ya kira su Parkia, don girmama Mungo Park, matafiyin da ya mutu a kogin Kwara a 1806.

To, ɗorawa ba ta jira Bature ba kafin ta sami suna. Tun kaka da kakanni mata suna dafa kalwa su yi daddawa, yara suna shan garinta. Masu wannan sani ba su shiga littafi ba, domin alƙalami yana hannun baƙo.

Farin 1973 da na 1984 ya kashe itatuwa masu yawa a Nijar. Idan itace ya ɓace a daji, sunansa ba ya daɗewa a bakin yara. Saboda haka ya kamata wanda ya fito daga yaƙi da jahilci ya zauna da tsofaffi da makiyaya da masu magani na garinsu, ya rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, da wurin da yake fitowa, da amfaninsa. Ma'aikatan gandun daji kuma su karɓi wannan rubutu su adana shi.