Rigar Yusufu da muryar Dorugu

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatun lise sun ci karo da waƙar Victor Hugo mai suna Booz endormi, amma kaɗan ne aka gaya wa cewa daga Littafin Rut, mai babi 4 kacal, marubucin ya ɗebo ta. Turawa sun daɗe suna nazarin littattafan Kirista a matsayin adabi, wato suna duba tsarin labari da zaɓen kalma, ba tare da tambayar mai karatu addininsa ba. Mu mutanen Damagaram muna da dalili na musamman na yin haka.

Wajajen 1840 aka haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi bawa, aka bi da shi har Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. A 1855 Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. A can ya zauna da malamin mishan J. F. Schön, wanda ya dogara da Hausar bakinsa wajen aikin nahawu da ƙamus da fassara. Littafin Farawa ya fito da Hausa a 1858, alhali cikakken Littafi Mai Tsarki sai a 1932. Ashe ke nan, cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausar boko akwai muryar ɗan ƙasar nan.

Mai karatu, buɗe Farawa daga babi na 37, ka bi rigar Yusufu. Uba ya ɗinka masa riga, ƴan'uwa suka tuɓe ta, suka tsoma cikin jini, suka sayar da shi azurfa 20. A Masar ya tsere ya bar riga a hannun matar ubangidansa, aka mai da ita shaidar zur. Daga bisani Fir'auna ya tufasar da shi da lilin mai kyau. Duk sa'ad da matsayinsa zai sake, tufafinsa ne ke fara ba da labari. Wanda ya san Suratu Yusuf zai ga inda ruwayoyin biyu suka haɗu da inda suka rabu. Sa'an nan a tuna cewa yaron da ya taimaka aka juya wannan ƙissa zuwa Hausa shi ma sayar da shi aka yi.

Karanta littafi daban, bin aƙidarsa daban. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a birnin nan, kuma rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Ya kamata malamanmu na adabi su maido da sunansa gida, su sa ɗalibai su karanta Hausarsa.