Tiya ko Buhu? Yadda Ake Gane Bayanin Kayan Aikin AI Mai Kyau

Duk mai sayen hatsi a kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram ya san ba a tambayar kuɗin gero haka kai tsaye. Sai an ce na tiya ake nufi ko na buhu, sabo ne ko na bara. Yaron da aka aika ba a faɗa masa wannan ba zai dawo da amsa, amma ba lallai ta zama wadda ake buƙata ba. Wannan matsalar ce ke damun masu haɗa manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake kira wakilan AI, wato waɗanda ba hira kaɗai suke yi ba, har aike suke zuwa: su duba farashi, su tura saƙo, wasu ma su biya kuɗi.

Wakilin AI ba shi da hannu. Yana aiki ne da ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki, kuma ba ya ganin abin da ke cikinsu. Abin da yake gani uku ne: sunan kayan aikin, ɗan bayanin da aka rubuta a kansa, da jerin abubuwan da zai cike kafin ya kira shi. Kamfanin OpenAI ya shigo da wannan salo cikin manhajojinsa a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da tsarin MCP domin kowa ya riƙa haɗa kayan aiki ta hanya ɗaya, kuma a 2025 OpenAI da Google suka karɓe shi.

A ce wani matashi a Birnin Kudu, irin masu koyon haɗa manhaja a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ya ƙera kayan aikin duba farashin hatsi, ya rubuta masa bayani kamar haka: "Yana kawo farashi." Manhajar za ta yi aiki ba tare da wani kuskure ya fito a allo ba. Ɗan kasuwa ya tambaya da Hausa, "Nawa gero a Sara?" sai AI ya kawo masa lamba. Ta tiya ce ko ta buhu? Ta yau ce ko ta ranar kasuwar da ta wuce? AI ɗin bai sani ba, kuma yawanci ba zai ce bai sani ba, cankar abin da ya fi kama da daidai zai yi. Wanda ya yi cinikin buhu ashirin a kan wannan cankar shi zai ji a jikinsa.

Bayani mai kyau zai ce: kayan aikin yana kawo farashin buhu ɗaya, mai nauyin kilo kaza, da naira, daga ranar kasuwa ta ƙarshe, tare da kwanan wata, ba ya kawo farashin tiya, idan babu farashin kasuwar da aka nema zai ce babu. Jimlar da ta faɗi abin da ba ya yi ita ce aka fi mantawa, alhali ita ce ke hana AI ɗauko shi a inda bai dace ba.

Sunayen wurare ma tarko ne. Akwai Gwaram ta Jigawa, wadda ita kanta ake bambanta Tsohuwa da Sabuwa, akwai kuma wata Gwaram a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Wanda ya rubuta "Birnin K" a gurguje, Kudu yake nufi ko Kebbi? Ɗan gari ba zai ruɗe ba, amma AI baƙo ne a ko'ina. Shi ya sa gurbin da aka sa wa suna "wuri" kawai bai isa ba. Ya kamata bayanin ya nemi jiha da ƙaramar hukuma, ko ya ba da jerin kasuwannin da ya sani a zaɓa daga ciki.

Inda kuɗi ke fita, abin ya fi tsanani. Kayan aikin da ke duba ragowar kuɗi a asusu da wanda ke tura su dole a bambanta su ƙarara, a kuma rubuta cewa turawa ba ta warwaruwa, sai an nemi amincewar mai asusun. Tsarin MCP yana da alamomin da ke nuna kayan aiki na karantawa ne kawai ko yana iya ɓata wani abu, sai dai wanda ya ƙera kayan aikin ne ke liƙa alamar da kansa, don haka ba shaida ba ce.

A watan Afrilun 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Invariant Labs suka nuna yadda mugu zai ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, inda mai waya ba ya gani amma AI na karantawa. A gwajinsu, irin wannan bayani ya sa wakilin AI ya kwashe tsofaffin saƙonnin WhatsApp ya tura wa wata lamba. Saboda haka bayanin da ke umartar AI ya buɗe wani fayil, ko ya ce kada a sanar da mai amfani, abin gudu ne komai kyan tsarinsa.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ana miƙa bayanin ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ko da mai POS na bakin tasha ne, a tambaye shi yaushe zai yi amfani da wannan abu, me zai cike a kowane gurbi. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan AI zai yi canka. Daga nan sai a jarraba shi kansa AI ɗin da tambayoyi irin na mutane, ba na littafi ba: "geron nan ya sauko kuwa?", "na Sara fa?", "tiya biyar nawa ke nan?" A kan ta ƙarshen, amsar da ake so ita ce ya ce farashin buhu kawai yake da shi.