DAIDAITA MA'ADINAI A ABINCIN KAJIN NAMA

Kazar nama takan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Saboda wannan saurin girma, jikinta yakan yi nauyi tun ƙashi bai ƙosa ba. In abinci bai daidaita ba, sai kaji su gurgunce, su kasa isa wurin ci da sha, mai kiwo ya yi hasara.

Ma'adinai biyu ke gina ƙashi, watau kalsiyam da fosfaras. Ana samun kalsiyam daga farar ƙasa da ɓawon kawa, garin ƙashi kuwa yana ɗauke da duka biyun. A abincin 'yan tsaki ana bukatar kalsiyam misalin kashi 1 cikin 100, fosfaras mai narkewa kuma misalin rabin haka.

Abin lura shi ne, wajen kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin da ke cikin masara da waken soya a ɗaure yake. Cikin kaza ba ya iya narkar da shi, sai ya fita cikin kashinta a banza. Domin haka ne ake zuba wa abinci wani sinadarin narkarwa mai suna fitas, wanda aka fara sayarwa a 1991. Shi yake kwance wannan fosfaras, kaza ta amfana, kuɗin garin ƙashi kuma ya ragu.

Amma fa akwai sharaɗi. Farar ƙasa tana da araha, don haka waɗansu sukan cika ta cikin haɗi. Kalsiyam in ya yi yawa yakan raunana aikin fitas, ya kuma tsare fosfaras, sai ƙafa ta lalace alhali an kashe kuɗi.

Saboda haka ana jawo hankalin masu kiwo ga waɗannan:

1. A auna kome da sikeli, kada a yi kirdado.
2. Kada a ba kajin nama abincin kajin ƙwai. Kalsiyam ɗinsa ya kai ninki uku ko fiye, yana kuma ɓata ƙoda.
3. Gishiri ya tsaya wajen giram 300 a kilo 100. In ya zarce sosai, kaji sukan yi zawo, shimfiɗa ta jiƙe.
4. A ajiye fitas a inuwa, wuri busasshe, gama zafi da laima suna kashe ƙarfinsa.

Wanda ya ga kajinsa suna ɗingishi, ya hanzarta zuwa wurin malamin dabbobi mafi kusa, ya tafi da samfurin abincin da yake ba su.