Tsohuwar motar kaya da tsatsa ta ci: abin da ya kamata ku sani kafin gyara

Da yawa daga cikin motocin da ke kwasar hatsi a Dawanau, ko shanu a Potiskum da Maigatari, sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Mercedes mai gajeren hanci, dangin wadda ake kira 911, tun 1959 aka fara ƙera irinta a Jamus. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma haɗa motoci a 1975, kuma har yau a-kori-kurarsa na jigilar buhuna a ƙauyuka. Irin waɗannan motoci ba inji ne ke kai su bola ba, domin inji ana sauke shi a ɗora wani. Abin da ke gamawa da su tsatsa ce, musamman idan ta kama casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke kwance a ƙarƙashi, waɗanda inji da kan mota da bodi da kaya duk suke zaune a kansu.

Kuskuren da masu mota suka fi yi shi ne farawa daga abin da ido ke gani. A kai ta wajen mai gyaran bodi, a cike ramuka, a fesa fenti mai ƙyalli, a rubuta kirari a baya, alhali ƙarƙashinta ya ruɓe. Gyaran da zai ɗore daga casis yake farawa, fenti ne ƙarshe.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri ƙwarai. Tana kumbura, ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, shi ya sa idan ta shiga tsakanin ƙarafa biyu da aka haɗa take buɗe su da ƙarfin tsiya har ta tsinke noti. Bushewar iskar arewa tana taimakon motocinmu, amma kayan da muke lodawa suna mayar da hannun agogo baya: takin zamani, gishiri, kanwa, jiƙaƙƙen yashi, da fitsarin shanu da ke tsiyaya ta daɓen bodi tun daga kasuwa har Legas. Motocin da ake shigowa da su na hannu kuwa, da yawansu da cutar suke zuwa, saboda a Turai da Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Matsalar ba ƙarama ba ce a can. A 2016 Toyota ta amince da sulhu na kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar casis a wasu motocinta ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia.

Abu na farko shi ne wanki mai kyau da ruwa mai ƙarfi, a fitar da laka da bakin mai da suka daskare. Sai a hau da ita kan rami, a shiga da tocila da ƙaramar guduma da sukudireba. Lafiyayyen ƙarfe idan aka buga shi ƙara yake yi tangaran. Wanda ya ruɓe sautinsa a dushe yake, kuma ɓawo na zubowa. A dage a kan wuraren da ruwa ke kwanciya da inda nauyi ke taruwa: maƙalan sifirin, inda akwatin sitiyari ya kama casis, ƙarafan da suka gitta tsakanin dogayen biyu, mazaunin kan mota, da ƙarƙashin batir inda ruwansa ke ɗiga. Tsatsar sama, wadda burushin waya ke gogewa, ba abin damuwa ba ce. Wadda ke ɓarewa falle-falle ta riga ta rage kaurin ƙarfe, sai an auna abin da ya saura. Inda sukudireba ta huda kuwa, babu sauran ƙarfe a wurin. A kuma ja igiyar awo daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Idan tsawon bai zo ɗaya ba, casis ya karkace. Ga bodi, mayen ƙarfe ya isa: duk inda ya ƙi kamawa, an taɓa cika wurin da fila.

A nan ake yanke shawara. Idan ruɓewar ta bi dogayen ƙarafan a wurare da yawa, ko ta ci maƙalan sifirin gaba da baya, a ganina gara a nemi wani casis mai lafiya wajen masu yanka motoci, a irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da a yi ta faci a kan faci. Sai dai a kula da lambar casis. Ita ce shaidar mota a takardu, kuma yanke ta ko dasa wata ba tare da sanin hukumar rajistar motoci ba zai iya sa a ɗauki motarka ta sata.

Kafin a kunna wutar walda, a cire batir, a sauke tankin mai, a kawar da wayoyi da bututan birki. Tankin da ake ganin babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin mai ne ke fashewa. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi; ranar mayarwa za a ga amfaninsa.

Waldar casis ita ce zuciyar aikin, kuma ba kowane mai walda ne ya dace da ita ba. Wanda ya ƙware a ƙofa da taga, ba lallai ya san yadda nauyi ke bin ƙarfen mota ba. Dogon ƙarfen yana da bango a tsaye da leɓe biyu, na sama da na ƙasa. Leɓunan ne suka fi shan wahala idan an yi lodi, don haka masu ƙera manyan motoci ke gargaɗin kada a huda su ko a gitta musu walda. Wasu motocin ma an gasa ƙarfen casis ɗinsu ta hanya ta musamman, zafin walda na raunana shi, irinsu da noti ake ɗaure musu ƙari. Inda walda ta halatta, ana yanke ruɓaɓɓen wurin har sai an kai ga farin ƙarfe, a sa sabo mai kauri ɗaya da na asali, a yi yankan a karkace maimakon a miƙe. Sannan a ɗora wani fallen ƙarfe ya zarce mahaɗar ta kowane gefe, bakinsa a tsuke, domin faci mai kusurwa huɗu yana tara nauyi a layi ɗaya, daga nan tsagewa ke tashi. Liƙa sabon ƙarfe a kan tsatsa ba tare da an yanke ta ba ɓoye ciwo ne kawai, tana nan tana ci a ƙarƙashi. Notin da za a mayar kuma a duba lambar da ke kansa: 8.8 ko 10.9, ba na kasuwa marar lamba ba.

Bodi ya fi sauƙi, amma yana son haƙuri. Ƙarfensa siriri ne, zafi na lanƙwasa shi, don haka ɗigo-ɗigo ake walda shi, ana tsallakawa ana barinsa ya huce. Daɓen kan mota, gindin ƙofofi, bakin gilashi da kewayen taya su ne suka fi ruɓewa. Fila aikinta gyara 'yar lotsawa, kaurinta kada ya wuce 'yan milimita. Idan aka toshe rami da ita, tana shan danshi ta baya, damina ɗaya ko biyu fenti ya yi ƙuraje.

Bayan an goge ƙarfe tas, kada a bar shi ya kwana tsirara. Tsatsar da ta maƙale a ƙananan ramuka akwai ruwan magani da ake shafa mata, ya mayar da ita baƙa ta daina ci. Daga nan sai fentin shimfiɗa, jan nan da aka saba ko mai haɗi biyu wanda ya fi shi riƙo, a toshe mahaɗai, sannan fentin sama. Cikin ƙofofi da ƙarafa masu rami a fesa musu mai ko kakin hana tsatsa, a bar ƙananan kafofin da ruwa ke fita a buɗe. Lokaci ma yana da tasiri: danshin Agusta na hana fenti kamawa, ƙurar hunturu kuma tana manne masa, sai a samu rumfa mai rufi a yayyafa ruwa a ƙasa.

Akwai abin da ke damuna a garejinmu, shi ne yaran da ke koyon aiki. Su ake turawa gugar tsohon fenti, wanda zai iya ƙunsar dalma, su ne ke tsaye cikin hayaƙin waldar ƙarfe mai rufin tutiya, wanda ke sa zazzaɓi, su ne ke shaƙar ƙurar yashi idan ana wanke ƙarfe da shi, ita kuwa tana lalata huhu har abada. Tsumma a hanci ba ya tare waɗannan. Mai mota da ya saka kuɗin takunkumi na gaske da tabarau a cikin lissafin aiki bai yi asara ba.

Wajen ciniki, a raba biyan kuɗi mataki-mataki, a kuma yi sharaɗi tun farko cewa ba za a shafa fila ko fenti ba sai mai mota ya zo ya ga waldar da idonsa. Idan an sauke bodi daga kan casis, a canja bututan birki da na mai da suka yi tsatsa, a sa roba ko katako tsakanin bodi da casis. Idan ta koma aiki, a fara da lodi marar nauyi, bayan 'yan tafiye-tafiye a sake shiga rami a ƙara ɗaure notuna a duba mahaɗan. Duk ranar da ta ɗauko taki ko gishiri ko dabbobi kuma, a wanke ƙarƙashinta kafin ta kwana.