Ƙarfin Riƙo: Yadda Jiki Ke Zaɓen Dakarunsa, Ya Kuma Tuna Abokin Gaba

A cikin shekarar 1846 cutar ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, can arewa da ƙasar Sikotilan, ta kwantar da wajen kashi uku cikin huɗu na mutanen wurin. Likitan da gwamnatin Danmak ta aika, Peter Panum, ya lura da wani abin mamaki. Tsofaffin da suka yi cutar tun 1781 ba ta sake kama su ba, ga shi kuwa shekara 65 ke nan tsakani. To, jama'a, ina wannan tuni yake zaune a jikin ɗan Adam?

Yana wurin fararen ƙwayoyin jini iri biyu, watau ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. A kan na T za mu yi magana yau. Idan cuta ta shiga wata ƙwaya ta jiki, ƙwayar takan yanko ɗan guntun furotin na cutar ta ɗora a bayanta, kamar yadda mai talla ke ɗora kaya a kan faifai. Wannan guntu shi masana ke kira antijin, mu ce alama. A 1974, a birnin Kanbera na Ostiraliya, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka nuna cewa ƙwayar T ba ta gane alama sai a kan faifan jikin mai ita, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 1996. Kowace ƙwayar T da irin hannun da take kama alama da shi. Wani hannu yakan kama ya ɗan daɗe kafin ya saki, wani kuwa da taɓawa sai saki. Wannan shi ne ƙarfin riƙo.

Tun a makaranta ake fara auna shi. Makarantar kuwa ita ce wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, wadda ake kira taimus, wadda Jacques Miller ya gano amfaninta a Landan a 1961 sa'ad da ya cire ta daga jariran ɓeraye, ya ga kariyar jikinsu ta lalace. A nan ake gwada ɗalibai da alamomin jiki na kansa. Wanda bai iya kama kome ba ya faɗi, domin ba shi da amfani. Wanda ya kama da ƙarfin tsiya shi ma yawanci ya faɗi, domin in an sake shi gida zai yaƙa. Fiye da 90 cikin 100 a nan suke mutuwa, masu matsakaicin riƙo ke fita aiki.

To, yaya ƙarfin riƙo ke aiki ranar da cuta ta zo? A 2009 Dietmar Zehn da Michael Bevan da abokiyar aikinsu, a birnin Siyatil na Amurka, suka sa wa ɓeraye ƙwayar cuta mai suna Listeriya, suka yi ta sassauya alamarta don riƙon ƙwayoyin T ya yi ta raguwa. Abin da suka gani ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Ko da riƙon ya yi rauni ƙwarai, ƙwayoyin sun farka, sun hayayyafa, sun iya yaƙi, har sun bar masu tuni a baya. Bambancin yana wajen tsawon hayayyafa. Masu raunin riƙo sukan daina haihuwa da wuri, su bar saifa da kaluluwa su shiga jini tun da wuri. Masu ƙarfin riƙo kuwa sukan daɗe suna ninkuwa, har rundunarsu ta rinjayi ta sauran nesa ba kusa ba. Watau ƙarfin riƙo yawan runduna yake yankewa, amma ƙofar shiga yaƙi a buɗe take ga mai ƙarfi da mai rauni.

Bayan an ci yaƙi, wajen 90 zuwa 95 cikin 100 na dakarun sukan mutu, ragowar su zauna gadi shekara da shekaru. In cutar ta komo, sai a sake tankaɗe. Dirk Busch da Eric Pamer sun nuna a 1999 cewa a karo na biyu masu ƙarfin riƙo ke ƙara rinjaye. Ba wai hannun ƙwayar T ke gyaruwa ba, yadda aka haife ta da shi haka take mutuwa da shi. Gwanaye ne kurum ke fin sauran yawaita.

Mai karatu zai ce, to, me ya sa ba a bar gwanaye kaɗai ba? Dalili shi ne abokin gaba yana sauya kama. Ƙwayar mura da ta ƙanjamau sukan sauya alamominsu, sai hannun da ya dace da ta jiya ya kasa kama ta yau, alhali kuwa wani da aka raina yana iya dacewa da ita. Ga kuma haɗarin wuce gona da iri. A 2013 likitoci a Amurka suka ba da labarin masu ciwon daji biyu da aka yi wa magani da ƙwayoyin T waɗanda aka ƙara wa ƙarfin riƙo da gangan. Ƙwayoyin suka rikita alamar dajin da wani furotin na tsokar zuciya, suka auka mata, marasa lafiyan duka biyu suka rasu cikin 'yan kwanaki. Lalle kowane allazi da nasa amanu.

Saboda haka masu haɗa allurar rigakafi ba ƙarfi kaɗai suke nema ba, har da yawan iri. Mu kuma namu rabon mai sauƙi ne. In ma'aikacin asibiti ya ce a komo da yaro ranar kaza don allura ta biyu, kada a ce ai an riga an yi masa. Ta farko ita ke tara dakaru, ta biyu ita ke ƙara yawan gwanaye da masu tsaron gida. Malamai, ku gaya wa iyayen yara haka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.