Daga Bushiya Zuwa Bakkale: Masu Binciken da Ke Bayan Garke

Ƙwararren dillali a karar Maigatari ba ya neman sikeli. Zai dafa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya buɗe baki ya duba haƙora, nan take ya faɗa maka shekaru da kuɗi. Haka ake yi kowace Alhamis da shanun da ke shigowa daga ƙasar Damagaram da rugagen Gagarawa da Sule Tankarkar, kafin a loda su a tirela zuwa Kudu. Sai dai akwai abin da dafa tozo ba ya nunawa: yaushe rabon saniyar nan da haihuwa, me kuma ya sa mai ita ya rabu da ita? Wannan fagen na wasu ne daban, masu binciken lafiyar dabbobi da haihuwarsu, waɗanda mu mutanen ƙasar Gumel muke cin moriyarsu ba tare da mun san sunayensu ba.

Bari in ambaci ɗaya. Walter Plowright likitan dabbobi ne ɗan Ingila, an haife shi a 1923. A shekarun 1950 ya yi aiki a cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924 saboda bushiya, sannan ya koma Muguga a Kenya. Duk dattijon da ya ga annobar 1983 ya san bushiya: zazzaɓi, hawaye da majina, gyambo a baki, zawo, kafin ka ankara garke ya kwanta. Plowright da abokan aikinsa suka riƙa renon ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi, suna sauya mata mazauni har kusan sau 90, sai da ta rasa ƙarfin kisa amma ta ci gaba da koya wa jiki kare kansa. Allura ɗaya ta ishi saniya har ƙarshen rayuwarta. Ya karɓi babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 1999, ya rasu a 2010. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa, cuta ta biyu bayan agana da ɗan Adam ya ga bayanta. Bai kai ga jin shelar ba.

Bushiya kisa take yi a bainar jama'a, shi ya sa gwamnatoci suka tashi tsaye. Asarar da ta rage mana yanzu ba ta da gawa, ita ce maraƙin da ba a haifa ba. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, don haka idan ta samu abinci da lafiya za ta iya haihuwa kusan kowace shekara. A rugagenmu kuwa Bunaji kan ɗauki shekara ɗaya da rabi ko biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, karsana kuma sai ta kai shekara huɗu ko fiye kafin ɗan fari. Yunwar rani ce babban dalili: saniyar da ta rame ba ta neman bijimi. Sai kuma bakkale, mai sa ɓari idan ciki ya tsufa, ta kumbura gwiwa, ta kuma kama mutum ta hanyar ɗanyar madara ko taɓa abin da aka ɓarar.

A Shika kusa da Zariya, inda aka fara gonar kiwo tun 1928 wadda ta zama cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello, an daɗe ana aiki a kan waɗannan matsaloli, har da haɗa Bunaji da shanun madara na Turai. Aikin ba na mai ƙyama ba ne. Na taɓa tsayawa ina kallon wani likita yana awon ciki: ya zura safar leda har kafaɗa, ya sa hannu ta duburar saniya, ya yi shiru yana lalubar mahaifa, can ya ce, “Baffa, wannan wata uku, waccan kuwa babu komai.” Mai garken ya yi watanni yana ciyar da ita a kan tana da ciki.

Barbarar zamani ma sai da lissafi. Ana ajiye maniyyin zaɓaɓɓen bijimi a siraran tsinkayen roba cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Saniya kuwa sai kusan kowane kwana 21 take neman bijimi, lokacin bai cika kai yini guda ba, a shanunmu ma sau da yawa da dare yake zuwa. Idan makiyayi bai lura ya kira da wuri ba, sai a jira wasu makonni uku. Ilimin ɗakin bincike ba ya tafiya sai da idon mai kwana da shanu.

Shi ya sa nake ganin yaranmu sun fi kowa cancantar wannan aiki. Hanyar a bayyane take: karatun likitancin dabbobi na shekara shida a Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, sannan digiri na biyu da na uku a fannin haihuwa ko cututtuka. Yaron da ya tashi yana jin Fulatanci da Hausa, ya san Rahaji daga Bokolo tun daga nesa, makiyaya za su faɗa masa gaskiyar da ba za su faɗa wa baƙo ba.

Kafin su kammala kuwa, akwai namu. Saniya ta yi ɓari, kada a taɓa da hannu tsirara, a ware ta daga garke, a kira malamin dabbobi ya ɗauki jini, a binne abin da ta zubar. A tafasa madara kafin a ba yara. A kuma rubuta ranar da kowace saniya ta haihu, ko da ajami ne a littafin ɗan makaranta, domin shi ne abu na farko da mai bincike zai tambaya idan ya iso ruga.