Rayuwa a Bakin Dogon Nguru

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru ya ratsa ƙasar Jigawa ta tsakiya. Idan jirgi ya baro Zakirai sai Ringim, sai Taura, sai Gagarawa, sai Malam Madori, sai Birniwa, daga nan ya faɗa Yobe. Tsawon layin ya kai kimanin kilomita 230, kuma a 1930 aka shimfiɗa shi har Nguru. Ita kuwa Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, tana can kudu nesa da shi, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba.

Tsakanin manyan tashoshin nan akwai ƙanana waɗanda ba a cika ambatarsu ba. A ɗaya daga cikinsu, da hantsi, abin da baƙo zai fara gani shi ne shanya. Matan unguwa sun baza zoɓo da kuɓewa a kan dakalin da fasinjoji ke tsayawa, don babu fili mai santsi kamarsa a duk ƙauyen. Ofishin shugaban tasha yana nan da kaurin bangonsa, tagar sayar da tikiti a rufe, zanzaro ya yi gini a jikin katakonta. Tankin da kan jirgi ke shan ruwa a zamanin kwal yana tsaye a kan ƙafafunsa, tsatsa ta huda gindinsa. A wasu wuraren yashi ya rufe dogon sai samansa ake gani, tumfafiya ta fito a tsakanin ƙarafan, kuma da damina gero yakan matso har gab da shi, tun da manomi ba ya ganin fili a zaune ya ƙyale.

Ƙauyen kansa kashi biyu ne: cikin gari, inda gidan dagaci da tsohon masallaci suke, da kuma unguwar tasha, wadda jirgi ya haifa. A unguwar tasha za ka ji asalin mutane ya bambanta. Wannan kakansa Babarbare ne da ya biyo kanwa, wancan Banufe ne lebura, ga gidan da har yau ake kira gidan Yarbawa ko da yake masu shi sun daɗe da tashi. Da kaka, nan ne kasuwa. Manoma suna kawo gyaɗa a jakuna da raƙuma, 'yan baranda suna tare su tun daga bakin gari, akawu yana zaune gaban sikeli yana rubutu, kantunan Turawa da na Kwarori suna saye. Jirgi yana zuwa daga Nguru da shanu da busasshen kifi da ƙaro da fatu, yana dawowa daga Kano da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Malam Madori kacokan haka ta girma: dogo bai shiga Haɗejiya ba, don haka ta zama ƙofar masarautar, har aka riƙa yin dalar gyaɗa a can kamar yadda ake yi a Kano.

Ko harsashi ɗaya bai taɓa sauka a kan wannan layi ba, amma yaƙi biyu sun jijjiga shi, kuma yadda aka bi da shi bayan kowanne ya isa ya nuna wa mutum dalilin halin da yake ciki yau.

Na farko shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun man girki da na sabulu, sai ta juyo kan gyaɗar Arewa. Aka matsa wa manoma, aka matsa wa jirgi. Kawunan jirgi suka yi ta aiki babu hutu, kayan gyara ba sa zuwa saboda masana'antun Ingila sun koma ƙera makamai. Ma'aikata ma suka gaji: a tsakiyar 1945 aka yi babban yajin aiki na sama da kwana 40 a kan tsadar rayuwa, 'yan reluwe ne a gaba, Michael Imoudu na jagorantarsu. Da aka gama yaƙi sai gyaɗa ta fi ƙarfin dogo. Dalar gyaɗa, wadda ake danganta fara ta da Alhassan Ɗantata, a waɗannan shekarun ta yawaita, har dala ɗaya takan ci buhu 15,000. Mu yau muna kallon hotunanta muna alfahari, alhali wani ɓangare na labarinta shi ne kayan da aka rasa taragun kwashewa, suna jibge ƙarƙashin tamfol shekara ta zagayo, ƙwari na ci. Abin mamaki, a daidai lokacin ne, daga 1947, gwamnatin Ingila ta zuba miliyoyin fam a dajin Tanganyika don noman gyaɗa, aikin da ya watse a 1951, ga kuma gyaɗa a Kano tana jiran tarago.

Sai dai an yi gyaran, kuma da sauri. Daga 1948 sababbin kawunan jirgi suka fara isowa, waɗanda aka laƙaba wa kowanne sunan wani kogi na ƙasar nan. Aka ƙaro taragu. A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma fara shigo da kawuna masu shan gas. Ba ƙaunar mutanen Taura ko Gagarawa ce ta jawo wannan himma ba. Akwai mai jiran kayan a Liverpool, kuma yana da bakin da ake ji.

Abin da ke riƙe dogo kullum, duk da haka, ba a jirgin ruwa yake zuwa ba. A unguwar tasha akwai wani dattijo, tsohon heluman leburori, wanda har yanzu bayan sallar asuba yakan bi gefen layin da sandarsa. Samari masu acaɓa idan sun wuce shi sukan ce, "Baba, yau ma zagayen ne?" Shi kuma ya ce, "To, ƙafa ta saba." Aikinsu a da shi ne wannan. An raba layin gunduwa-gunduwa, kowace da ayarin leburorinta. Mutum ɗaya zai fita da sassafe da doguwar guduma da sifana, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe, daga ƙarar kawai ya san inda noti ya kwance. Inda dogo ya nutse, ayari zai zo da jak da shebur, a ɗaga shi, a cusa tsakuwa a ƙarƙashi a daddaka, heluma ya kwanta rub da ciki ya sa ido a kan ƙarfen yana ba da umarni da hannu har sai ya daidaita. Da bazara a kwashe yashin da iska ta tara. Kafin ruwan farko a yashe kowace kwalbati, domin a ƙasa mai fadama irin ta Ringim, inda Kogin Haɗejiya ke tumbatsa, kwalbati ɗaya da ta toshe ta isa ta sa ruwa ya yanke tudun da dogo ke kai cikin dare ɗaya. Aiki ne marar ɗaukar ido, ba a yanke masa ƙyalle, ba a kiran 'yan jarida. Ranar da aka daina biyan masu yin sa, ranar layin ya fara mutuwa, ko da jirgi ya ci gaba da wucewa na wasu shekaru.

Yaƙi na biyu na gida ne. Kafin 1966, yawancin direbobi da makanikai da akawuna da shugabannin tasha a layukan Arewa mutanen Kudu ne, musamman na Gabas. Kashe-kashen wannan shekara suka sa dubbansu suka tattara suka tafi, wasu ma ba su samu tafiyar ba. Tashoshi suka wayi gari babu wanda ya iya buga wayar tangarahu ko rubuta takardar kaya. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 layin Fatakwal a rufe yake, taragu da kawuna masu yawa suka maƙale a Gabas, kwal ɗin Inugu da jiragen ke ci ya yanke, duk kayan Arewa suka koma neman hanya ɗaya ta Ikko. 'Yan Arewa da aka ɗauka cikin gaggawa sun yi abin da za su iya, da yawansu ma sun zama ƙwararru daga baya, amma ba a yin direban jirgi cikin wata shida. 'Yan kasuwa ba su jira ba, suka koma kan manyan motoci, kuma wanda ya ɗanɗana a kai masa kaya ƙofar shago cikin kwana biyu da wuya ya koma jiran tarago.

Janar Yakubu Gowon ya shelanta sulhu da sake gina ƙasa, aka gyara gadojin Gabas, jirage suka koma aiki. Amma lissafi ya nuna inda aka dosa. A 1964 reluwe ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. A 1974 fasinjan ya koma miliyan 4 da 'yan kai, kayan kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba shi a kwalta. Sannan farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, manoma suka koma gero da wake, dala ta ɓace. A wannan karon babu kowa a waje da ke jiran kayan layin Nguru, a cikin gida kuma masu amfani da shi ba su da bakin da ake ji a Ikko.

Gyare-gyaren da suka biyo baya an san su. Indiyawan kamfanin RITES sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, kuma tsofaffin ma'aikata suna yabon lokacin, jirgi na zuwa a kan kari, albashi na fita. Samuel Ogbemudia, da aka ɗora a kan hukumar, ya yi nasa yunƙurin daga 1989. Gwamnatin Abacha ta kawo kamfanin CCECC na ƙasar Sin a 1995. A ƙarshen 2012 aka sake buɗe layin Ikko zuwa Kano, daga baya jirgin Kano zuwa Nguru ya riƙa leƙowa, fasinja da kaya a haɗe, ya zo ya ɗauke. Kowane yunƙuri fenti ne da sabon kan jirgi da taron buɗewa. Ayarin leburorin da aka sallama ba a mayar da su yadda suke ba.

Yau mai son zuwa Kano daga wannan ƙauye sai ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya jira mota. Hada-hadar da ke tasha ta koma mararrabar Gujungu, inda titunan Gumel da Haɗejiya da Kano suka haɗu, kuma duk wanda ya ga yadda ake lodin hatsi da riɗi da dabbobi a can ranar kasuwa ya san ba kaya ne suka ƙare a Jigawa ba. Riɗi da zoɓo da ƙaro suna fita har ƙasashen waje, shanu suna gangarowa daga Maigatari kowace Alhamis, shinkafa da alkama suna fitowa daga fadamun Haɗejiya. Duk a bayan tirela suke tafiya, suna cinye kwaltar da ake ta faci. Waɗanda suka fi jin rashin jirgi su ne masu ƙaramin ƙarfi: matar da ke da buhu biyu na busasshen kifi, almajiri da akwatinsa, tsohuwa mai zuwa asibiti a Kano, da 'yan matan da a da ke cin abinci da tallar fura da dafaffen ƙwai ta tagogin taragu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya sa ziyarar zumunta ma sai an yi shawara.

Akwai kuma 'yan gwangwan. Dogon da ba a zagayawa kasuwa ce a buɗe: yau noti, gobe ƙarfen da ke gicciye a ƙasa, jibi a zo da injin yanka cikin dare. Mutanen unguwar tasha suna tsare abin da idonsu ke gani, amma tsakanin tasha da tasha daji ne.

Dutse kuwa yanzu ake yi mata nata. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin sa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. A cikin kwangilar akwai reshe na kimanin kilomita 100 daga Kano ta Gaya zuwa Dutse. Abin farin ciki ne, birnin da ke da filin jirgin sama da jami'ar tarayya ya cancanci tasha. Amma a ganina an fara da inda ofisoshi suke, an bar inda buhuna suke. Kuma layukan biyu ba za su gaisa ba: faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na sabon 1,435, don haka taragon da aka loda a Malam Madori ba zai hau sabon layi ba sai an sauke kayan a Kano an sake lodi.

A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, abin da a da na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai. Layin Nguru jihohi uku ya ratsa, Kano da Jigawa da Yobe, kuma mafi tsawonsa a Jigawa yake. Hanyar tana nan, ba sai an biya diyyar gona ko an tashi gida ba, tashoshin ma bangonsu bai faɗi ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne gadoji da kwalbatocin yankin fadama, tsakuwa, da albashin mutanen da za su riƙa fita da guduma kowace safiya. Tsofaffin da suka san aikin, waɗanda za su koya wa yara, yawancinsu sun haura shekara saba'in, kuma kowane wata a layin karɓar fansho ake ganin sun ragu.